Shin Ko Kun San? Tsakanin Rijiya da Masai a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Shin ko kun san cewa ruwan da ya sauka a birnin Kano gida biyu yake rabuwa? Na arewacin gari, tun daga Kurmi da Fagge da Sabon Gari har Bompai, Jakara ce ke kwashe shi ta kai madatsar Wasai. Na kudanci kuwa gangarawa yake yi ya nufi kogin Challawa. Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a wannan ɓangare na biyu suke.

Shin ko kun san sunan rafin da ke ɗauke da kwatar waɗannan unguwanni? Tatsawarki. Ita ke tattara ruwan wanka da na wanke-wanke da duk abin da aka watsa a lambatu daga Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi da Gandun Albasa da Na'ibawa, ta haɗu da Salanta wadda ta ratso masana'antun Sharaɗa, su je su zube a Challawa a wajejen Tamburawa. A Tamburawar nan ce kuma aka kafa ɗaya daga cikin manyan matatun da ke shayar da birni, wadda aka gina a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, mai ƙarfin tace lita miliyan 150 a rana. In ka tsaya a titin Zariya daidai Asibitin Malam Aminu Kano ka fuskanci kudu, to kwatarmu can ta nufa, ruwan famfonmu kuma daga can yake fitowa.

Abin bai tsaya a kanmu ba. Bayan Challawa ta haɗu da kogin Kano, ruwan yana bi ta Wudil, ya zama kogin Haɗeja, ya wuce Gashuwa, ya doshi Tafkin Chadi. Masu lambu da masunta da makiyaya na wannan doguwar hanya duk suna karɓar rabonsu daga abin da muka zubar.

Shin ko kun san cewa ƙidayar 2006 ta sami mutum 221,367 a Ƙaramar Hukumar Tarauni, a cikin faɗin ƙasar da bai wuce murabba'in kilomita 28 ba? Wato kusan mutum 8,000 a kowane murabba'in kilomita ɗaya, tun a wancan lokacin. Mazaɓu goma gare ta, biyu daga ciki na Gyaɗi-Gyaɗi ne, Arewa da Kudu, ga Darmanawa da Daurawa da Babban Giji da Unguwa Uku da Hotoro da sauransu. Babu babban bututun kwashe bahaya da ya haɗa gidajen nan. Kowane gida da raminsa, ko masai ko sokawe, kuma ƙasa ɗaya ce ke shanye abin da ke cikinsu duka.

Shin ko kun san cewa ruwan rijiyoyin Kano ba daga wani tafki mai zurfi yake fitowa ba? Akasarin birnin a kan tsohon dutse mai tauri yake zaune. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kwance ne a cikin rugurgujen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke jikinsa, kamar soso da aka ɗora a kan faranti. Ruwan damina ne ke cika shi kowace shekara, yana tsatsafowa daga saman ƙasar da muke takawa. Don haka da damina, sa'ad da ruwa ya taso har guga ke taɓo shi da gajeriyar igiya, a lokacin ne kuma yake kusantar gindin masai. Inda ruwa ya sami tsaga a dutse kuwa gudu yake, ba ya jiran ƙasa ta tace shi.

Shin ko kun san tazarar da masana tsabtar ruwa suka fi yarda da ita tsakanin rijiya da ramin bahaya? Mita 30. Wasu ƙa'idojin suna sassautawa zuwa mita 15 inda ƙasar ke da laka mai riƙe ƙazanta. Suna kuma so gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwa ke kaiwa da damina.

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin lissafin yana da sauƙi kuma shi ne zuciyar maganar. Fuloti mai ƙafa 50 sau 50, wanda dillalai ke kira hamsin-hamsin, mita 15 ne da 'yan kai a kowane gefe. Ko ka haƙa rijiya a wannan kusurwa ka kai masai waccan, tsakaninsu bai kai mita 22 ba. Mai ƙafa 50 sau 100 zai iya samun mita 30, shi ma sai ya bi daga kusurwa zuwa kusurwa. A ce ya yi hakan. Kusurwar da ya zaɓa wa rijiyarsa tana jingine da katangar maƙwabta biyu ko uku, kuma kowa ya san yadda muke gini: banɗaki ƙarshen gida ake kai shi, a jikin katanga, nesa da ɗakin maigida. Nesa da ɗakinsa, kusa da rijiyarka.

In ka kafa turke a bakin rijiya ka ja igiya mai tsawon mita 30 ka zagaya, filin da ka kewaye ya haura murabba'in mita 2,800. Wannan fulotai goma sha biyu ke nan na hamsin-hamsin. Ma'ana, tsabtar rijiya ɗaya tana hannun magidanta goma sha biyu, ba mutum ɗaya ba. Komai tsoron Allahn mai gida da tsabtar uwargida, ba za su iya cika wannan ƙa'ida su kaɗai ba. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a riƙa ɗora wa talaka laifin ƙazanta duk lokacin da amai da gudawa suka ɓarke. An yanke hukuncin ruwan da zai sha tun ranar da aka yanka filin.

Shin ko kun san bambancin awon gwamnati da awon igiya ta fuskar ruwa? A awon gwamnati ana fitar da titi da magudana da filin makaranta da na masallaci da na kasuwa kafin a raba fulotai, kuma a irin waɗannan filaye na jama'a ne ake iya ware wa burtsatse wurin da babu rami kusa da ita. A awon igiya mai gona da dillali ne ke yanka, kuma duk taƙin da aka bari ba a sayar ba asara suke ganinsa. Lungu ya tsuke, magudana ta rasa hanya, filin jama'a babu. Tun ran gini ran zane, in ji Hausawa. Da yawa daga cikin unguwannin da suka tashi a kudancin Kano bayan shekarun 1980 ta wannan hanya ta biyu suka tashi, domin mutane sun yi yawa, fulotan gwamnati sun yi kaɗan, mai iyali kuma ba zai kwana a titi yana jiran takarda ba.

Shin ko kun san cewa shari'ar Musulunci ta daɗe da yi wa rijiya hurumi? Malaman Hanafiyya da wasu sun ƙayyade shi da kamu arba'in ta kowace fuska, wato wajen mita ashirin. Mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta ɗaure shi da adadi ba. A Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan Kano har gobe, hurumin rijiya shi ne gwargwadon filin da zai hana a cutar da ruwanta, ya kuma hana a ƙuntata wa masu zuwa ɗiba. Ni a wurina wannan ma'auni ya fi ƙarfi, domin ya bar ƙofa a buɗe: in masu ilimin ƙasa suka auna suka ce cutarwa tana kaiwa mita 30, to hurumin ya kai nan. Littattafan fiƙihu sun tattauna har hukuncin wanda ya haƙa masai ya ɓata rijiyar maƙwabcinsa, kuma asalin da suka dogara da shi shi ne kawar da cuta. Hadisai sun hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, sun kuma yi kashedi mai tsanani game da bahaya a mashaya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum kan hukunce-hukuncen ƙasa, Ta'alimur Radi, inda hurumi ke cikin abubuwan da ya yi bayani. Ba baƙon abu ake nema daga gare mu ba.

Shin ko kun san cewa Baturen nan Hugh Clapperton, da ya shigo Kano a 1824, ya rubuta labarin fadamar da ta ratsa tsakiyar birni da kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini, da yadda ƙazantar gari ke taruwa a cikinsu? Jakara yake nufi. Shekara ɗari biyu ke nan.

Shin ko kun san cewa Turawan mulki sun yi dokar tsara gari don lafiya, amma lafiyar kansu? A tsarin Gwamna Lugga, wanda dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa, ana barin fili mai faɗin yadi 440, kusan mita 400, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, ba a yarda kowa ya yi gini a ciki ba. Hujjarsu sauro. Niyyar wariya ce, amma ta nuna cewa hukuma in ta so tana iya cewa nan ba a gini, kuma maganarta ta zauna shekara da shekaru.

A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta kawo ruwan famfo daga Challawa ta Fanshekara, aka ɗora tankuna a kan Goron Dutse. A wannan zamanin ne kuma aka buɗe makarantar koyon aikin tsabta a Kano, wadda ta riƙa yaye duba-gari. Dattawa suna tuna su: su shiga gida su leƙa randa, su duba masai, su ci tara. An ƙara matata ta biyu a Challawa a 1974, shekarar da aka kammala madatsar Tiga ta zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta uku kuma a farkon shekarun 1990.

Shin ko kun san cewa Kano ta taɓa samun cikakken tsarin gari na shekara ashirin? Shi ne wanda B. A. W. Trevallion ya tsara don 1963 zuwa 1983, ya ware inda za a zauna da inda za a yi masana'anta da inda za a bari a buɗe. Wa'adinsa ya cika fiye da shekara arba'in da suka wuce, garin kuma ya ninka kansa sau da yawa tun daga nan. Hukumar da ke riƙe da wannan aiki ta sha canza suna. Waɗanda suka manyanta sun san ta da KASEPPA, yau ita ce KNUPDA, mai ba da izinin gini, mai kuma shafa jan fenti.

Shin ko kun san cewa dokokin da ake buƙata yawancinsu suna nan a rubuce? Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna a matsayin amana, kuma yana da ikon gindaya sharaɗi a takardar mallaka ko ya karɓe fili don amfanin jama'a ya biya diyya. Doka mai lamba 88 ta 1992 ta shimfiɗa tsarin birane hawa uku, na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma. Mai lamba 86 ta wannan shekarar ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. A 2007 aka kafa hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta NESREA, ta kuma fitar da ƙa'idoji kan bakin koguna da kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa bahaya da shara da maƙabartu da mayanka cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Abin da ya rage shi ne a zauna da taswirar unguwa a ce: ga burtsatsen jama'a, ga da'irarta, ga abin da ba za a amince da shi a ciki ba. Izinin gini a yau yana duba tazarar gida daga titi da tsayin bene. Ina ganin ya kamata ya riƙa tambayar inda ramin sokawe zai zauna da inda rijiyar maƙwabci take, kafin a buga hatimi.

Shin ko kun san abin da majemun zamani ke jiƙa fata da shi? Gishirin wani ƙarfe mai suna kuromiyam. Majeman gargajiya da bagaruwa suke aiki, amma manyan kamfanonin fata na Sharaɗa da Challawa da Bompai da wannan sinadari suke yi. Ƙa'idar ruwan sha ba ta yarda ya wuce miligiram 0.05 a lita ɗaya ba. A jarkar ɗan ga-ruwa mai lita 25, iyakar abin da aka lamunta bai kai miligiram ɗaya da rabi ba. Masu bincike na Jami'ar Bayero sun sha auna ruwan Salanta da Tatsawarki da Challawa, suna samun ƙarafa masu guba fiye da kima, kuma da wannan ruwa ake ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo a lambunan bakin rafi. Kulorin da ake zuba wa ruwa a matata yana kashe ƙwayar cuta, amma ba ya cire ƙarfe. An ware wa masana'antu unguwarsu, wannan daidai ne. Kuskuren shi ne an zaunar da su a gefen ruwan da gari ke sha, ba a kuma tabbatar kowace ta tace dagwalonta kafin ta sake shi ba.

Shin ko kun san cewa ana ƙiyasta lita ɗaya ta man fetur ko baƙin mai tana iya ɓata lita miliyan ɗaya ta ruwan sha? Ku ƙirga gidajen man da ke titin Zariya da titin Maiduguri da titin gidan Zoo, kowanne da tankunansa binne a ƙasa, ga babban defo na Hotoro, ga garejin makanikai da wuraren wankin mota a cikin lunguna. Tankin ƙarfe yana tsatsa, in ya fara yoyo kuma ba mai gani sai ranar da shayi ya fara warin kananzir. A unguwar Baruwa ta Legas, yoyon bututun mai ya kashe rijiyoyin jama'a tun shekarun 1990. A Ogale ta ƙasar Ogoni, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya sami sinadarin benzin a rijiyoyin sha ya ninka abin da aka yarda da shi sau 900. Ruwan ƙasa in mai ya shige shi, wanke shi aikin shekaru ne da kuɗi masu nauyi, wani lokacin ma sai dai a rufe rijiyar. Duk lokacin da aka mayar da gidan zama gidan mai a tsakiyar unguwa, ya kamata a fara jin ta bakin masu rijiyoyin da ke kewaye.

Shin ko kun san cewa maƙabarta ma tana da tata tazarar? A Ingila ba a yarda a binne gawa ƙasa da mita 250 daga rijiyar da ake sha ba. Ina faɗin wannan da ladabi, domin iyayenmu ne ke kwance a maƙabartar Tarauni da takwarorinta, kuma yawancin maƙabartun sun riga gidajen da suka matse su zuwa wurin. Barin hurumi a kewayensu girmama mamata ne, kariya ce kuma ga masu rai.

Shin ko kun san cewa tafasa ruwa ba ya maganin komai? Yana kashe ƙwayoyin kwalara da taifot. Amma akwai sinadarin naitiret da ke tsatsafowa daga masai da juji da takin zamani, wanda tafasawa ƙara masa kauri take yi tunda ruwa ne ke ƙonewa shi ya zauna. Iyakarsa miligiram 50 a lita. In ya wuce haka jarirai ya fi yi wa illa, musamman waɗanda ake dama wa madarar gwangwani, domin yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Ba shi da launi, ba shi da wari. Ruwa garai-garai na iya ɗauke da shi, sai awo a ɗakin gwaji ke nunawa.

Shin ko kun san cewa tsakanin Disambar 1995 da Mayun 1996 kwalara ta kama mutum 5,600 a Kano, ta kashe 340? Binciken da aka yi a lokacin ya gano cewa masu shan ruwan da ake tallansa a titi sun fi kamuwa, masu wanke hannu da sabulu kafin cin abinci kuma sun fi tsira. Ba na ɗora wa 'yan ga-ruwa laifi. Su ne ke tura kura cikin rana suna shayar da unguwannin da famfo ya ƙaurace musu, kuma abin da suka tarar a burtsatse shi suke kawowa. Tambayar ita ce ina aka haƙa burtsatsen, me ke kewaye da ita. Burtsatse ɗaya ta kasuwa tana shiga ɗaruruwan gidaje a yini, don haka ita ce ta fi cancantar a fara yi wa hurumi. A 2021 cutar ta dawo da ƙarfi, ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Shin ko kun san cewa famfo ɗaya ya taɓa kashe mutum sama da 600 a Landan? A 1854 ne, a unguwar Soho, lokacin da kwalara ta ɓarke. Likita John Snow ya bi diddigin gidajen mamatan, ya ga yawancinsu sun kewaye famfon titin Broad, ya sa aka cire masa hannu. Da aka tona daga baya, sai ga ramin bahaya bai kai mita ɗaya ba daga rijiyar.

Kada a ce wannan labarin da ne. A watan Mayun 2000, a garin Walkerton na ƙasar Kanada, ruwan sama ya wanko kashin shanu daga wata gona ya shiga rijiyar gari. Mutum bakwai suka mutu, wajen 2,300 suka kwanta, a garin da mutanensa ba su wuce 5,000 ba. Bayan bincike, lardin Ontario ya yi dokar 2006 wadda ta sa kowane yanki ya zana taswirar maɓuɓɓugar ruwansa, ya kuma hana ayyuka masu haɗari a kusa da ita.

Shin ko kun san cewa a Jamus da kwanaki ake auna hurumin rijiya? Suna yi mata da'ira uku. Ta farko wajen mita goma ce, an katange ta, ba mai shiga sai ma'aikaci. Ta biyu tana kaiwa inda ɗigon ruwa zai yi kwana 50 yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa kafin ya iso rijiyar, domin yawancin ƙwayoyin cuta ba sa wuce wannan wa'adi da rai. A cikinta ba a sabon gini, ba a watsa taki. Ta uku ta haɗa duk ƙasar da ke ciyar da rijiyar, kuma a nan ake hana juji da matatar mai da masana'antar sinadarai. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun sa irin wannan tsari na da'irori a dokar ruwansu ta 2010, wadda ta shafi Maraɗi da Damagaram kamar yadda ta shafi Yamai.

Shin ko kun san cewa birnin New York na Amurka ya zaɓi ya kare daji maimakon ya gina matata? An ƙiyasta masa dala biliyan shida ko fiye don gina matatar ruwan da ke zuwa daga tsaunukan Catskill. A 1997 ya ƙulla yarjejeniya da garuruwan da ke can: ya sayi filayen bakin ruwa, ya gyara wa mutane ramukan bahayarsu, ya biya manoma su nisantar da shanu daga rafi. Abin da ya kashe bai kai rabin wancan kuɗi ba. Abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne ba umarni kawai aka ba mutanen karkara ba, biyan su aka yi. Mai gona a bakin Challawa da za a ce kada ya yanka gonarsa fulotai, shi ma yana da haƙƙin a duba asararsa.

Shin ko kun san cewa kududdufan da ake cikewa da shara a yi gini a kansu suna da aiki biyu? Suna riƙe ambaliya, suna kuma ba ruwa lokaci ya nutse ya cika rijiyoyi. In an cike kududdufi da bola, an rasa waɗannan biyun, an kuma binne guba daidai wurin da ruwa ya saba shiga ƙasa: batura, robobi, ragowar magani, mushe. Gidan da aka gina a kai yakan tsage, rijiyar da aka haƙa a gefensa kuma ruwan juji take tatsa.

Shin ko kun taɓa tambayar inda 'yan gidan-kowa-da-akwai da motocin zuƙe masai suke kai abin da suka kwashe? Aikinsu wajibi ne, ba don su ba da gari bai zaunu ba. Amma in tsarin gari bai ware musu wurin zubarwa mai nisa da rafi da rijiya ba, dole su nemi rami ko gona ko kwari mafi kusa. Wurin tace bahaya yana buƙatar fili kamar yadda kasuwa da tasha ke buƙata, sai dai ba kasafai ake tuna shi ba ranar rabon filaye.

Shin ko kun san cewa famfon da ke zuwa yana ɗaukewa yana iya zuƙo kwata? Bututu in ya cika, ruwa ne ke fita ta inda ya fashe. In ya bushe, abin da ke waje ne ke shiga. Ku dubi ƙananan bututan roba da aka shimfiɗa a cikin lambatu a lungunanmu saboda babu wata hanyar da aka bar musu.

Ga unguwar da ta riga ta ginu kamar Gyaɗi-Gyaɗi, ba rusau nake kira a yi ba. Mai unguwa da limami da kwamitin masallaci sun san kowace burtsatse da ake sayar da ruwanta. Ana iya rubuta su, a auna ruwansu damina da rani, a liƙa sakamakon a jikin tanki kowa ya gani. Ana iya ɗaure wuyan kowace burtsatse da siminti har ƙasa, a yi mata daɓe mai gangara, a gyara ramukan da suka fi kusa da ita su daina yoyo, kuɗin kuma a raba tsakanin mai sayar da ruwa da hukuma. Sabuwar burtsatsen jama'a a kai ta filin makaranta ko harabar masallacin Juma'a, a gefen da ya yi nisa da banɗakuna, maimakon lungun da mai ba da kyautar ya fi so a gan ta. Rijiyar cikin gida wadda awo ya nuna ta ɓaci a bar ta ga wanki da ban-ruwa. Majalisar ƙaramar hukuma tana da ikon mayar da waɗannan dokar yanki.

Shin ko kun san cewa ƙasar da ta fi shafar famfon Tarauni ba a Tarauni take ba? Fanshekara da masana'antun Challawa a Kumbotso suke, Tamburawa a Dawakin Kudu, madatsar Challawa a Ƙaraye, ta Watari mai ba matatar lita miliyan 75 a rana ruwa kuma a Ɓagwai. Gari yana ta miƙewa ta titin Zariya, rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana sun riga sun tsaya a can, gonakin da ke tsakaninsu da kogi ana ta yanka su, tifofi kuma suna ɗibar yashi a gaɓa. Babu kansila ko shugaban ƙaramar hukuma ɗaya da ikonsa ya game waɗannan wurare. Shata hurumin bakin Challawa da na kogin Kano aikin gwamnatin jiha ne, tare da Hukumar Ruwan Sha da KNUPDA da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma a yawancin wannan gaɓa har yanzu gona ce, ba a kai ga zuba harsashin gini ba.